Wa Ya Faɗa Maka? Lacca Kan Koya Wa Ɗaliban Jami'a Rubutun Bincike

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe shugaban tsangaya, iyayenmu farfesoshi da ke zaune a gaba, abokan aikina malamai, da ku 'ya'yana ɗalibai da kuka cika ɗakin nan har wasu na tsaye a bakin taga, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana kan yadda za mu koya wa ɗaliban digirin farko rubutun bincike. Bari in fara da wani yaro, domin shi ya sauya mini tunani kan lamarin nan.

Shekarun baya an ba ni shi in duba masa kundin kammala digiri. Yaro ne mai ladabi, ba ya fashin aji. Ya ce zai yi aiki kan ƙarancin ruwan sha a ƙaramar hukumarsu. Bayan mako uku sai ga shi da babi huɗu cif, an buga tsaf. Ina cikin karantawa, a tsakiyar babi na uku, na ci karo da sunan wani gari da ke can kudancin ƙasar nan, da wani kogi da babu shi a jiharmu. Wanda ya sayar masa da aikin ya sauya sunan gari a ko'ina, wuri guda ya tsere masa. Na kira shi ofis, na ɗora yatsa kan layin, na ce: "Ɗana, wa ya faɗa maka wannan?" Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago sai ya ce: "Malam, wallahi tun da na shigo makarantar nan ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini yadda ake yi."

Na yi niyyar faɗa, amma maganarsa ta kashe mini jiki, domin gaskiya ya faɗa. Shekara uku da rabi muna ba shi handawut, yana haddacewa, yana mayar mana da shi a jarrabawa, muna ba shi maki. Duk tsawon lokacin nan abin da muka nuna masa shi ne, ɗalibin kirki shi ne wanda ya iya maimaita maganar wani ba tare da ya sauya harafi ba. Rana ɗaya sai muka ce ya kawo mana nasa. Ina zai samo shi?

Ku dubi yadda tsarin yake a yawancin jami'o'inmu. A aji ɗaya akwai kwas ɗin amfani da Ingilishi da na amfani da laburare, cikin ɗaki mai ɗaruruwan mutane, jarrabawar kuma ta zaɓi-sonka ce, wani lokaci ma a kwamfuta. A aji uku sai kwas ɗin dabarun bincike, inda yaro zai haddace ma'anar hasashe da nau'o'in samfuri, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa yi wa mutum ɗaya tambaya ba. A aji huɗu mu ce ga babi biyar, kawo kafin ƙarshen zango. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa kowace shekara ranar tafiyar muke ɗauko wuƙa.

Tambayar nan da na yi wa yaron, wa ya faɗa maka, ina ganin ita ce uwar darasin duka. Kuma ina so ɗalibai su san ba Turawa suka kawo mana ita ba. Idan aka ce wa yaro ya bi tsarin APA, ya sa sunan marubuci da shekara, sai ya ɗauka wata al'ada ce ta boko da aka ƙirƙiro don a wahalar da shi, ya riƙa fama da waƙafi da aya bai san amfaninsu ba. To ku 'yan Islamiyya, me ake ce wa jerin sunayen da ke gaban hadisi? Madalla, isnadi. Wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga tushe. Abdullahi bin Mubarak, wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan Hijira, ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Imam Muslim ya kawo maganar a gabatarwar Sahihinsa. Malaman nan ba su tsaya ga jera sunaye ba. Sun bi kowane mai ruwaya sun bincika: mai gaskiya ne? Haddarsa na da ƙarfi? Ya ma taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga bakinsa? Wannan shi ne abin da muke kira tantance madogara, kuma muna koyar da shi kamar jiya aka gano shi.

Mu dawo gida ma. Shehu Abdullahi bin Fodiyo, Mai Gwandu, ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya ambaci malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. Malami irin wannan bai ga ƙasƙanci ba ya ce wannan a wurin wane na same shi. A makarantun zaure har gobe, almajiri zai gaya maka a gaban wa ya sauke littafi kaza. Idan na fara darasin manazarta daga nan, fuskokin yara sukan sauya. Sukan gane cewa kwafe aikin wani ka sa sunanka, wato satar fasaha, cin amana ne kafin ya zama laifin da jami'a ke hukunci a kai. Waƙafi da aya kuwa aikin yini ɗaya ne, kada mu ɓata zango guda a kansu.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne zaɓen batu. Ɗalibi zai zo ya ce yana so ya rubuta kan matsalolin sana'o'in gargajiya a Nijeriya. Nakan ce masa, kai da kake da wata huɗu da kuɗin mota ƙalilan, yaya za ka kewaye Nijeriya? Batun da ya fi ƙarfin mutum shi ke tura shi kwafi, domin ba shi da wani abin faɗa sai abin da wasu suka riga suka faɗa. Sai mu zauna mu yi ta rage shi. Wace sana'a? Rini. A ina? Kano. Wace marina? Ta Ƙofar Mata. Yawwa, yanzu mun zo wurin da ƙafarka za ta iya zuwa. Je ka ƙirga rijiyoyin rinin da kanka. Nawa ke aiki, nawa aka bari? Zauna da marina, ka tambaye su ina suke samo baba da toka yanzu, su wa ke sayen kayansu, 'ya'yansu nawa suka gaji sana'ar. Abin da za ka dawo da shi ba ya cikin intanet, ba wanda zai sayar maka da shi a shagon buga takardu. Gani ya kori ji.

Kuma a can ɗin akwai wani darasi. Kowa zai gaya maka an kafa marinar a 1498, haka ake rubutawa ko'ina. Ban hana ka rubuta ba, amma ka tambaya: wa ya fara faɗa? A wane rubutu? Ko ruwayar baka ce da aka gada kaka da kakanni? Idan ruwaya ce, ka rubuta cewa ruwaya ce, ka ambaci wanda ya ba ka, da shekarunsa, da inda kuka zauna, da ranar, bayan ka nemi izininsa. Dattijon da ya yi shekara hamsin hannunsa na cikin baba madogara ne na gaske, kuma haƙƙinsa ne sunansa ya fito a aikinka kamar yadda na farfesa ke fitowa.

Af, kafin in manta. Ku ɗaliban tarihi da harsuna da kimiyyar siyasa, ku ɗaga hannu, wa ya taɓa shiga Arewa House a Kaduna? Kun gani ko, hannuwan ba su da yawa. Cibiyar bincike da adana takardun tarihi ce a gidan Sardauna, an kafa ta tun 1970 da jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, yanzu kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Kadunan dai akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, cike da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, wataƙila har da na garinku. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, shafukanta kaɗai sun ishi ɗalibai da yawa aikin kundi. Wanda ba shi da kuɗin mota, wayarsa za ta kai shi Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike, da AJOL, inda ake tara mujallun bincike na Afirka. Amma sai wani ya kama hannunsa ya nuna masa ƙofar sau ɗaya.

Babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, shi ne ya fi ba ni tausayi. Wane ya ce kaza. Wane ya ce kaza. Wane ma ya ce kaza. Shafi goma sha biyar kamar ana kiran suna a aji, mai kundin kansa bai ce uffan ba. Abin da ake nema shi ne ka zaunar da marubutan nan kan tabarma ɗaya, ka nuna mana inda suka yi daidai, da inda suka saɓa, da abin da dukansu suka bari ba su taɓa ba, domin a wannan giɓin aikinka zai zauna. Ga abin da nake yi da ɗalibaina, kuma ina roƙon abokan aiki su gwada. Ina ba su maƙala ɗaya gajeriya su karanta. Sai in ce a rufe ta. Yanzu ka juya ka gaya wa na kusa da kai, da Hausa, abin da mutumin nan yake cewa da hujjarsa. Idan ka kasa faɗa da harshen uwarka, ba ka gane ba, koma ka sake karantawa. Idan ka iya, ɗauki biro ka rubuta da Ingilishinka, takardar tana rufe.

Na ce da Ingilishinka da gangan. Da yawa cikin yaranmu ba lalaci ke sa su kwafi ba, tsoro ne. Yana ganin jimlarsa gurguwa ce kusa da ta mai littafi, sai ya ɓoye tasa ya ari ta wani. Ni kuwa jimla mai kuskuren nahawu wadda tunanin yaro ke cikinta ta fi mini shafi guda mai santsi wanda bai san abin da ke ciki ba. Nahawu zan iya gyarawa da jan biro.

Takardar tambayoyi ba zan daɗe a kanta ba, kowa a ɗakin nan ya san ana zama gindin bishiya mutum ɗaya ya cike ɗari da biro kala-kala. Wannan ƙarya ce, kuma ƙarya ce da za ta shiga laburare wani ya zo ya dogara da ita. Mutum ashirin da ka yi hira da su da gaske sun isa, ka faɗi cewa ashirin ne.

Sai maganar ƙirƙirarriyar basira, wadda na san ita kuke jira. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, sayen tsohon kundi ma ya fara zama tsohon yayi. Ban zo in ce ku jefar da wayoyinku ba. Amma ku sani irin waɗannan manhajoji kan ƙirƙiro manazarta: suna mai kama da na gaske, shekara, sunan mujalla, har lambar shafi, ka je nema ka tarar babu maƙalar a duniya. A ma'aunin malaman hadisi, wannan shi ne ƙirƙirarren isnadi. Dokata guda ce: duk abin da ka sa a manazartarka, ka buɗe shi da idonka, ka iya nuna mini shafin. Mu malamai kuma kada mu miƙa amanarmu ga Turnitin da makamantansa. Suna nuna inda kalmomi suka yi kama, ba sa nuna ko yaro ya fahimta. Minti biyar na hira ido da ido sun fi bayyana wannan. Me ya sa ka zaɓi wannan unguwa? Me ka ji a can da ya ba ka mamaki? Wanda ya yi aikin da kansa, bakinsa ba zai rufu ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Abokan aikina, na san nauyin da ke kanmu. Na san malami ɗaya kan sami ɗaliban kundi fiye da yadda zai iya karantawa da natsuwa, ga ajujuwa, ga takardun jarrabawa, ga rashin wuta. Duk da haka, rubuta "ka sake" a saman shafi ba koyarwa ba ce. Yaron zai tafi bai san abin da zai sake ba, ya dawo da irin kuskuren. Gara ka ɗauki sakin layi ɗaya tak, ku gyara shi tare yana kallo, ya ga dalilin cire kowace kalma. Idan suna da yawa, tara su rukuni-rukuni, su karanta aikin juna a gabanka. Za ka yi mamakin yadda ɗalibi ke hango a aikin abokinsa kuskuren da bai gani a nasa ba.

Ranka ya daɗe shugaban tsangaya, ga roƙona a gaban jama'a. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ƙofa a buɗe take. Ba ma sai an jira sabon kwas ya bi ta majalisar jami'a ba. Daga zango mai zuwa, kowane sashe ya zaɓi kwas ɗaya a kowane aji, a ware wani ɓangare na makin gwaji don rubutu. Ɗan aji ɗaya ya kawo shafi ɗaya da madogara biyu da ya karanta da kansa. Ɗan aji biyu ya yi hira da mutum uku a unguwarsu ya rubuto abin da ya ji. Ɗan aji uku ya kawo tambayar bincikensa, a zauna a rage ta tun kafin hutun ƙarshen shekara, ya tafi gida da ita ya fara tattara bayanai. Ni na ɗauki nauyin 'yan aji ɗaya na sashenmu. Ranar Litinin bayan la'asar ina ofis, duk wanda ke da shafinsa ya kawo mu karanta tare.

Na ga ana nuna mini agogo. Na gode da sauraro. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.