Kwana Uku a Maroko: Laccar da Aka Gabatar wa Ɗalibai a Samaru, Zariya

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To madalla. Abubuwa uku zan faɗa a kan tafiyar nan, in lokaci ya bari.

Na farko, Fas. Taro ne ya kai ni Maroko, aka tashi daga taron ranar Alhamis, jirgina sai Litinin, na ce wallahi ba zan zauna a ɗaki ina kallon talabijin ba. Ranar Juma'a na shiga tsohon garin ta Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin ado. Mota ba ta shiga ciki. Jaki da alfadari ke dako, in ka ji an ce "balak!" to ka manne da bango. Na ga masallacin Ƙarawiyyin, wanda wata mata, Fatima al-Fihri, ta assasa a shekarar 859. Mata kun ji ko? Na kuma ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815. Ina tsaye a bakin ƙofa sai na ji Hausa a bayana, ashe wasu Kanawa ne suka zo ziyara.

Amma abin da ya tsaya mini a rai majema ce, majemar Shuwara. Kafin ka gan ta hancinka ya riga ya ba ka labari. A bakin matakala za a miƙo maka ganyen na'ana'a ka tusa a hanci. Ni na ce a bar shi, ɗan Zazzau ne ni, na san warin jima. Minti biyu na dawo na karɓa. (dariya) Ka hau bene ka leƙo ƙasa: ramuka ne jere kamar marina, wasu farare, wasu ja, wasu ruwan ɗorawa, majema a ciki har cinya suna tattake fata da ƙafa. Fararen nan farar ƙasa ce da kashin tattabara. E, kashin tattabara, shi ke laushin fatar. Mu a nan toka da bagaruwa muka sani, jan kuma da karan dafi. Wa ya san karan dafi a cikinku? Hannu uku kacal. Allah ya kyauta.

To ku saurara. Abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawa daga cikinta fatar jar akuyar Sakkwato ce. A ƙasar Hausa ake jeme ta, fatake su ɗora wa raƙuma, a ratsa Sahara zuwa gaɓar teku, can Bature ya saya, ya laƙaba mata sunan inda ya gan ta. Da ita suke yi wa littattafansu masu tsada bango. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Na faɗa wa mai shagon haka, ya yi murmushi ya ce to tunda fatarku ce sai ka saya da daraja. Ya sayar mini da takalmi. Na sake faɗa, akuyarmu ce, jimarmu ce, sunan na wani. Ku da ke karanta tarihi, ga aikin digiri nan kwance a Ƙofar Wambai ta Kano, ba wanda ya ɗaga.

Ina muka tsaya? Na uku ko? A'a, na biyu, Marrakish. Ranar Asabar jirgin ƙasa ya cinye mini fiye da awa shida. Na ga hasumiyar Kutubiyya, na ga dandalin Jami'ul Fana da masu wasa da maciji, kamar gardawanmu. Garin nan ne aka kai Ahmad Baba, malamin nan na Tumbutu, a ɗaure a 1594. Wannan lacca ce guda, mu bar ta.

Sai dutse. Lahadi da asuba mota ta kai mu Imlil, ƙauyen ƙabilar Barbar a cikin duwatsun Atlas, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Daga nan ake hawa Tubƙal, mita 4,167, babu wanda ya fi shi tsawo a Arewacin Afirka. Dole sai da ɗan jagora. Yankin ne girgizar ƙasa ta afka wa a Satumbar 2023. Ni kuwa na je da taƙamar na sha hawa Kufena ina yaro, da takalmin ofis a ƙafata...

Na'am? Ɗaga murya, 'yata.

Tana tambaya wai na kai ƙololuwa? (dariya) Ke dai ba ki da tausayi. Ban kai ba. Masu kaiwa kwana biyu suke yi, su kwana a wani masauki da ke sama da mita 3,000, su tashi cikin dare. Ni a Sidi Shamharush na tsaya, inda wani farin dutse yake da ake kai wa ziyara. Zariya ba ta kai mita 700 daga teku ba, can kuwa na haura 2,000, iska ta yi ƙaranci, numfashi sama-sama, gwiwa na rawa. Wata tsohuwa ta wuce ni da damin ciyawa a baya, ko kallona ba ta yi ba. Na zauna na sha shayin na'ana'a kofi uku. Saukowa kuwa a kan alfadari aka sauko da malaminku, kuma wanda ya kai wa matata wannan labari, ni da shi ne.