Sharhi: Abin da shayi da zoɓo ke yi wa cikon haƙori

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau na duk wanda likita ya taɓa cike wa ramin haƙori ne.

A da, ciko mai ruwan azurfa da ake kira amalgam shi ne ruwan dare. To amma kusan rabinsa sinadarin makuri ne mai guba, shi ya sa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Minamata ta 2013 ta nemi ƙasashe su rage amfani da shi, Tarayyar Turai kuwa ta hana shi tun farkon 2025, sai in lalura ta kama. Yanzu an fi karkata ga kwamfozit, cikon nan mai launin haƙori, wanda in an gama shi ba ka gane inda aka cike.

Sai dai wannan kyan yana da sharaɗi, kuma ba kowa ake gaya wa ba.

Kwamfozit haɗin roba ne da garin gilashi mai laushi. Robar tana tsotsar ruwa kaɗan-kaɗan, duk launin da ke cikin ruwan kuma sai ya bi ta. Shayi da gahawa suna ɗauke da sinadarin tanin, mai kama jiki ya zauna. Wanda ke wuni da kofi a hannu, yau da gobe sai ya ga cikonsa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya fita daban da sauran haƙoran.

Tsami ya fi launi ɓarna. A ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, baƙin lemon kwalba yana wajen 2.5, alhali fatar haƙori kanta tana fara zaizayewa da zarar an yi ƙasa da 5.5. Tsamin yana tausasa robar, ƙwayoyin gilashin su riƙa zubewa, fuskar cikon da likita ya goge sumul ta yi kaushi. Kamar bango ne: mai santsi ƙura ba ta zama a kansa, mai kaushi kuwa nan take kwana. Haka launi da dauɗar baki suke samun maɓoya. Zoɓonmu ya haɗa biyun, ga ja ga tsami. In aka ɗora goro a kai, sai abin ya ƙaru. Akwai kuma cikon gilas-ayonoma da aka fi yi wa yara, shi ya fi saurin jin tsami, ga su kuma su ne masoya lemo.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke neman gyara: a dirza gawayi ko toka, ko a matsa lemon tsami. Wannan ƙara wa cikon kaushi yake yi. Maganin hasken haƙori ma haƙorin yake haskawa, ya bar cikon da launinsa.

Ba cewa ake a daina shayi ba. A shanye a zama ɗaya maimakon kurɓa-kurɓa tsawon wuni, a kuskure baki da ruwa, in abin mai tsami ne a jira kamar minti 30 kafin a sa buroshi ko asuwaki. Tabon da ke sama-sama likita na iya goge shi. Wanda ya ratsa ciki sai an canja cikon. Idan kuwa aka ga baƙin layi ya zagaye gefen cikon, a hanzarta zuwa wurin likitan haƙori, domin yana iya zama alamar cikon ya fara saki, ruɓa na shiga ta ƙarƙashi.