Me Ya Sa Sikeli Yake Tsayawa Bayan Mutum Ya Fara Rage Ƙiba?

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena maza da mata, 'yan uwa, sannunku da zuwa. Na can baya, in murya ba ta iso ku ba ku ɗaga hannu.

Maganar yau ta shafi duk wanda likita ya ce ya rage ƙiba, ko saboda hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon gwiwa. Mutum zai rage tuwo, ya bar lemon kwalba, wata biyu uku sikeli na sauka yana murna. Can wajen wata na shida sai ya tsaya cak, alhali a ganinsa ko loma bai ƙara ba. Sai ya ce abin bai karɓe shi ba, ya koma gidan jiya. Wannan komawar ce take damuna, domin jikin bai lalace ba. Abincin da yake buƙata ne ya ragu tun da shi ma ya ragu, kuma ba wanda ya gaya wa mai jikin.

Kalori ma'auni ne na kuzarin da ke cikin abinci. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da jiki ke ƙonawa a yini yana tafiya ne ko kana kwance: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 10 wajen narkar da abincin yake ƙarewa. Ragowar ce ta tafiya da aikin ƙarfi.

To mu yi lissafi tare. Akwai wata ƙa'ida da Mifflin da St Jeor da abokan aikinsu suka fitar a 1990, masana abinci na amfani da ita har yau. Ɗauki mace mai shekara 40, tsayinta santimita 160, nauyinta kilo 90. A kwance jikinta na buƙatar kalori kusan 1,540. In ka haɗa da hidimar gida da zirga-zirga, sai ya kai wajen 2,300. Ran da ta dawo kilo 80, buƙatarta ta dawo wajen 2,150. Dalili a fili yake: kamar ta sauke jarkar ruwa mai lita 10 ce da take yawo da ita dare da rana. Saboda haka giɓin da ta buɗe ranar farko tsakanin abin da take ci da abin da jikinta ke buƙata yana ta tsukewa, ko da kwanonta bai canza ba.

Tun 1958 wani likita a Amurka, Max Wishnofsky, ya kawo lissafin da ya bazu ko'ina, wanda a ma'auninmu yake nufin kalori 7,700 daidai da kilo ɗaya. Da shi ake cewa rage kalori 500 kullum, za ka zubar da kusan rabin kilo duk mako. Da haka abin yake, a shekara mutum zai zubar da kilo 24. A 2011 Kevin Hall da abokan aikinsa a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka wallafa gyara a mujallar Lancet. Suka nuna cewa kowace kalori 24 da ka rage a yini, ka kuma dawwama a kai, a ƙarshe kilo ɗaya za ta sauke maka, amma rabin saukar sai an shekara, kusan dukkanta kuwa sai an yi shekara 3. Wato mai rage 500 ya sa ran kilo 10 ko 11 a shekarar farko. Wanda aka yi wa alkawarin 24 ya ga 10, ai dole gwiwarsa ta yi sanyi, alhali nasara ya yi.

Bayan wannan kuma jiki yana yin tsimi. A Jami'ar Minnesota, tsakanin 1944 da 1945, Ancel Keys ya rage wa maza 36 abinci har mako 24. Sun zubar da kusan rubu'in nauyinsu, ƙonawar jikinsu a kwance kuwa ta faɗi da kusan kashi 40 cikin ɗari, fiye da abin da ramar kaɗai za ta jawo. A 2016 aka sake ganin irin haka a mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a wani shirin talabijin na Amurka: bayan shekara 6 jikinsu na ƙona kalori kusan 500 ƙasa da yadda ake zato. Waɗannan mutane ne da aka matsa wa ƙwarai. Mai ragewa a hankali, tsiminsa bai kai haka ba.

Amma ku ba ni kunnenku a nan, don wannan ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Kitse yana fitar da wani sinadari, leptin, da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. In kitse ya ragu shi ma sai ya ragu, yunwa ta tashi. Wani bincike na 2016 da Hall yake ciki ya ƙiyasta cewa kowane kilo da ka zubar yana ƙara maka sha'awar abinci da kalori kusan 100 a yini, alhali ƙonawa 20 zuwa 30 kawai take raguwa. Kun ga ke nan yunwar ta ninka ragin ƙonawa sau uku ko fiye. Mai cewa bai ƙara ko loma ba, ba ƙarya yake yi ba, hannu ne ke ƙarawa bai sani ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Cokali biyu a kan shinkafa da wake sun isa su rufe giɓin da ya rage.

Saboda haka duk kilo 5 da ka zubar, sake duba kwanonka, ka fara da mai da sukarin shayi kafin ka taɓa tuwo. Kada ka shiga horon yunwa, domin tsoka za ta tafi tare da kitse, ita kuwa tsoka tana ƙona kuzari fiye da kitse. Riƙe ta da wake, awara, ƙwai, kifi, nono, da ɗan aikin ƙarfi da tafiyar ƙafa. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a waya kuwa, da yawansu gudawa da fitsari suke sa ka, ruwa ne ke fita, ya kuma dawo.

Masu ciwon suga da hawan jini, ku nake roƙo musamman. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kaɗai yana saukar da suga da jini, kuma maganin da ya dace da kai kana kilo 90 yana iya yi maka yawa kana 80, har jiri ya kayar da kai. Kada ka rage shi da kanka, koma wa likitanka ya sake auna ka. Yanzu sai a miƙa makirufo, Hajiya da ke gaba ta daɗe da ɗaga hannu.