Harsashin da ke fashewa a cikin fiffike

SADA: Assalamu alaikum masu saurare, yau ma daga Ƙofar Ƙaura muke. Lawal, gardamar nan ta majalisa ta ƙi mutuwa.

LAWAL: Ina za ta mutu, Yaya Sada, ana ta cewa harsashi duk harsashi ne?

SADA: Wallahi ba haka ba ne. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Spitfire ta Ingila, wato jirginsu na yaƙi, bindigogi takwas gare ta, kowace faɗin harsashinta milimita 7.7. Matuƙi zai yi wa jirgin Jamus ruwan wuta, ya mayar da shi kamar rariya, amma jirgin ya lallaɓa ya koma gida. Dole ta sa Turawan Ingila suka koma igwar jirgi ta Hispano mai milimita 20. Ita ma da farko cijewa take yi a sama, gangar harsashinta 60 kacal take ci.

BINTA: Su Jamusawan fa, Yaya?

SADA: Ai nan ake yinta. Suka ƙera wani harsashi da suke kira Minengeschoss, jikinsa siriri kamar gwangwanin madara, cikinsa maƙare da nakiya. Ba hudawa yake ya wuce ba. Yana shiga fiffike sai ya fashe, ya yage fatar jirgin daga ciki. Na igwar MK 108 mai milimita 30, wadda jirginsu na yaƙi Me 262 ke ɗauke da guda huɗu, nakiyarsa ta kai giram 85. A lissafinsu, kafin B-17 ta Amurka, wato babban jirgi mai jefa bama-bamai, ta faɗo sai ta sha kusan guda 20 na milimita 20. Na milimita 30 kuwa, uku ko huɗu sun gama da ita.

BINTA: Subhanallahi. Kuma mutum goma ne a cikinta.

SADA: Goma, Binta, yawanci samari. Sannan ba iri ɗaya ake jerawa a ɗamarar harsashin ba. Akwai mai huda sulke, akwai mai cinna wa tankin mai wuta, akwai mai haske da ke nuna wa matuƙi inda harbinsa ke tafiya. Makanikai ke zama a ƙasa su jera su bi da bi.

LAWAL: Kamar 'yan bindigar Sarkin Daura ranar hawan Magajiya.

BINTA: Kai Lawal! Su ai albarushi ne da tsumma.

LAWAL: To ba ɗurawa ake ba? Bara na tsaya kusa da wani dattijo, ya zuba albarushi daga ƙaho, ya tura tsumma, ya yi ta dannawa da sandar ƙarfe. Da ya saki, sai da dokin gabanmu ya miƙe tsaye, hayaƙi ya turnuƙe har ƙofar fada.

BINTA: Kakana cewa yake in tsumman ya yi sako-sako ƙarar ba ta fita.

LAWAL: Gaskiyarsa. Kuma na atamfa ya fi kamawa.

BINTA: A'a, na buhu dai.

SADA: Ku tsaya, ban ma faɗi cewa jiragen yaƙin Ingila na Hurricane ta Kano da Maiduguri suka riƙa bi daga Takoradi ta ƙasar Gana zuwa Masar ba. Kuma mun yi alkawarin taɓo jirgin yaƙi na Super Tucano da aka kawo mana Najeriya a 2021, mai bindigogi biyu na milimita 12.7 a fiffike...

LAWAL: Yaya, an kira magariba.

SADA: To, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.