Garin da ya rene mu bai biyo mu Bamingam ba

Shugaban taro, Baba Rabaran, dattawanmu, iyayena mata na zumunta, matasa, da ku yaran da ke can baya kuna jiran a buɗe kulolin masa, salama a gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sannunku da hanya, musamman waɗanda suka taso daga Manchesta da Landan da Gilasgo, da waɗanda suka tashi daga aikin dare suka wuto nan ko runtsawa ba su yi ba. Allah ya ba da lada.

Kwamiti ya ɗora mini magana a kan hikima, da yadda za mu reni 'ya'yanmu cikin bangaskiya da alheri a ƙasar nan ta Birtaniya. Yara, ku kwantar da hankalinku, yau yawancin faɗan na iyayenku ne.

Akwai ayar da kusan kowa a ɗakin nan ya haddace tun yana makarantar Lahadi, Luka 2:52, inda aka ce Yesu ya yi ta ƙaruwa cikin hikima da girma da tagomashi a wurin Allah da mutane. Amma ku ɗan koma sama kaɗan. Yana da shekara 12 iyayensa suka je Idin Ƙetarewa a Urushalima, suka kamo hanyar gida, suka yi tafiyar yini guda cur ba su neme shi ba, domin sun ɗauka yana cikin ayari tare da dangi da abokan arziki. Baturen da ya karanta wurin nan zai ce wane irin sakaci ne wannan. Mu kuwa ba mu ga abin mamaki ba, haka aka rene mu. Ɗa na kowa ne. Ka yi rashin kunya a bakin rijiya, kafin ka iso gida labarin ya riga ka, kuma wadda ta gan ka ta riga ta ja maka kunne. Da asuba a buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bishiyar majami'a, ka fito addu'ar safe ko kana so ko ba ka so. Mai bishara ya san sunanka da sunan kakanka. Ranar Asabar kana faretin Birged, wato ƙungiyar yara ta majami'a, da yamma kana jin matan zumunta suna koyon waƙa da tulu da caki, har waƙar ta zauna maka a ka ba tare da wani ya zaunar da kai ba. Da yawa cikin iyayenmu ba su taɓa yi mana wa'azi a ɗaki ba. Ba su bukaci yin haka ba, gari yana yi musu rabin aikin.

To, ayarin nan bai biyo mu ba. Mun zo da fasfo da takardun aiki da daddawa a ƙasan akwati, amma maƙwabciyar nan mai jan kunne tana can Wusasa ko Malumfashi ko Biliri ko Maraɗi. A nan kowa ƙofarsa a rufe. A ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wels, waɗanda suka ce su Kirista ne ba su kai rabi ba, kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari, karo na farko ke nan da adadin ya faɗo ƙasa da rabi, waɗanda suka ce ba su da addini kuwa sun haura kashi 37. Cikin masu amsa sunan Kiristan ma ku da kanku kun ga yawan waɗanda ke zuwa sujada. Abin da ke ba ni mamaki, makarantar Lahadin da ta raine mu a ƙasar nan ta yi ƙarfi ta bazu, tun daga aikin da Robert Raikes ya fara a Gulosta wajen 1780 domin yaran talakawa masu aiki kwana shida a mako, kuma garin bai fi tafiyar awa guda da wani abu daga inda muke zaune ba. Birged ɗin maza ma a Gilasgo aka kafa ta a 1883. Mun biyo sawun abin zuwa tushensa, mun tarar da masu gidan da yawa sun ajiye shi.

Ga kuma aiki. Da yawanmu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya muke yi, awa goma sha biyu a tsaye. Uba ya shigo, uwa ta fita, a bakin ƙofa ake gaisawa. Ba na zargin kowa, haya ba ta jira, ga na gida suna jiran saƙo. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: awa biyun da yaro yake yi a majami'a ranar Lahadi ba za su iya ɗaukar nauyin da dukan gari ya ɗauka a kanmu ba. Nauyin ya dawo ɗaki, kanmu. Shi ya sa na ce ƙaruwa cikin hikimar nan mu ta fara kamawa.

Bari in taɓo inda ke da ƙaiƙayi, wato bulala. Na san akwai mai cewa a ransa, "Mu da aka doke mu, mun lalace ne?" A Sukotlan doka ta hana dukan yaro kowane iri tun 2020, a Wels tun 2022. A Ingila ma dukan da ya bar shaida a jiki laifi ne, kuma malamin makaranta da ya gani ba zai yi shiru ba, zai sanar da ma'aikatan jin daɗin yara. Wasunmu sun ɗauki wannan kamar an ɗaure musu hannu, sai suka koma gefe guda suka zuba ido, ko kuma suka koma barazanar "zan mayar da kai Nijeriya". Ƙasar kakanninsa ta zama kurkukun da ake tsorata shi da ita, sannan gobe mu yi mamaki ya ƙi zuwa hutu. Ni a ganina dokar nan ta tona wani abu ne kawai: da yawanmu ba mu da wani makami sai tsoro. Manzo Bulus da ya ce 'ya'ya su yi biyayya ga iyayensu a Afisawa sura 6, bai ajiye alƙalami ba sai da ya juyo kan ubanni ya ce kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, sai dai su goye su da horo da gargaɗin Ubangiji. Aya ta 1 muke haddace wa yara, aya ta 4 kuwa mu tsallake. Yakubu kuma da ya zo siffanta hikimar da ke saukowa daga sama, cikin abubuwan da ya lissafa akwai salama, da sauƙin hali, da sauraron magana, da jinƙai, da rashin munafunci. Iyaye maza, ku auna muryar da kuke shiga gida da ita da wannan ma'auni. Horo yana nan daram. Karɓe waya horo ne, hana fita horo ne, sa yaro ya je ya ba da haƙuri da bakinsa horo ne mai zafi. Sai dai irin wannan yana cin lokaci, yana kuma bukatar uwa da uba su zama baki ɗaya, abin da bulala ba ta bukata.

Sai tambaya. Mu an koya mana yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya cewa "don me". A makarantar nan kuwa wanda ya ce "don me" shi ake ba maki. Yarinyarki za ta dawo ta ce, "Mama, in Allah mai ƙauna ne, me ya sa ya bari aka ƙone majami'ar su Kaka?" Ko ɗanka ya ce malamin kimiyya ya faɗi abin da bai yi daidai da yadda aka koya masa Farawa sura 1 ba. In ka ce "rufe mini baki, saɓo ke nan", tambayar ba ta mutu ba, ta koma waya ne, kuma a can akwai masu amsa ta dare da rana, ba ka san su ba. A Haikali, Luka ya ce an sami Yesu zaune a tsakiyar malamai yana sauraronsu yana kuma yi musu tambayoyi. Ba a kore shi ba. In ba ka da amsa, ka ce, "Zo mu bincika tare, ko mu je wurin Baba Rabaran." Girmanka ba zai zube ba. Daniyel da abokansa samari ne aka kwashe zuwa Babila, aka sake musu suna, aka sa su karatun harshe da littattafan Kaldiyawa shekara uku. Ba su guje wa makarantar ba, sun ma fi kowa a ajin. Abin da suka ƙi shi ne abincin sarki, domin sun san inda iyakarsu take. Yaron da ya san dalilin iyakarsa zai riƙe ta a jami'a inda babu mai ganinsa.

Maganar harshe ba zan daɗe a kanta ba. Ku yi musu Hausa a gida, domin ranar da Kaka ta kira a waya kada a tsaya ana "lafiya lau" a miƙa wa uwa. Amma kada mu kulle bangaskiya a cikin harshen da yaro ba ya ji. Likita Mila, Baturen mishan, da malaman Hausa da suka yi aiki tare da shi sun sha wahala har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, domin kakanninmu su ji Maganar Allah da harshen da suke mafarki da shi. Yaron da aka haifa a nan da Turanci yake mafarki. A yi addu'ar dare da harsunan biyu, ya karanta nasa, ki karanta naki, a rufe da waƙa daga Littafin Waƙoƙi. Minti goma ya isa, in dai kullum ne.

Yanzu alheri, kuma a nan nake roƙon ku ba ni kunnuwanku sosai. Yaro ba ya koyon alheri daga ayar haddacewa. A kujerar bayan mota yake koyonsa, a hanyar komawa gida bayan sujada, lokacin da muka ɗauka hankalinsa na kan waya. A nan yake jin yadda muke yanka matar Fasto, da wanda ya ba da baiko kaɗan, da 'yan ƙabila kaza da suka cinye kwamiti. Mun baro Nijeriya da Nijar, amma wasunmu sun taho da rigimar ɗariƙa da ta ƙabila cikin jakar hannu, ECWA gefe, Angilika gefe, EYN da COCIN da HEKAN kowa da nasa layi, mu da duk ba mu cika ɗakin nan ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan nauyi. A ɗakin nan akwai waɗanda suka binne 'yan'uwa bayan rikicin Kaduna na 2000, da na Jos na 2001, akwai 'yan'uwanmu na EYN da ƙauyukansu suka watse a Borno da Adamawa, kuma yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yan ekklesiyarsu ne. Ba zan tsaya a nan in ce wa kowa ya manta ba, ban isa ba. Yara su san tarihinsu, a faɗa musu gaskiya daidai da shekarunsu. Amma labari daban, gaba daban. Yaron nan gobe Litinin zai zauna a aji kusa da Ahmad ɗan Pakistan da Amina 'yar Somaliya, a birnin nan da Musulmi suke da yawa ƙwarai. In abin da ya ɗauka daga teburin cin abincinmu shi ne kowane Musulmi abokin gaba ne, mun ɗora masa kayan da Almasihu bai ɗora masa ba. Balle mu Masihiyawa, wato Hausawa da Fulani Kirista, wa ke cikinmu da ba shi da kawu ko gwaggo ko ɗan ɗaki Musulmi? Mun tashi ana aiko mana da naman layya, mu kuma mu kai shinkafar Kirsimeti. Yaranmu su ga wannan da idonsu a nan ma.

Ku tuna da Dakta Barau Dikko, wanda aka sa wa asibitin koyarwa na Kaduna sunansa. Kirista ne da ya tashi a hannun mishan ɗin Zariya, kuma a jami'ar garin nan na Bamingam ya karanta likitanci, ya zama likita na farko ɗan Arewa. Da ya koma gida ya duba marasa lafiya, ya kuma zauna da 'yan'uwansa Musulmi aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Titunan da 'ya'yanmu ke bi zuwa makaranta, wani ɗanmu ya taka su tun kafin a haifi iyayenmu, bai kuwa zubar da bangaskiyarsa ba, bai kuma koma da ƙiyayya ba.

Annabi Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai Babila cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Birnin nan cike yake da tsofaffin da sai su yi mako ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, ku masu aikin kula da su kun fi ni sani. Abin da aka koya mana a gida, gaida babba da karɓar kayan tsoho, a nan abu ne mai tsada. Ki zuba abinci a kwano ki ba ɗanki ya kai wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku. Ranar fitar da shara ya jawo mata kwandonta. In za ku kai kaya wurin da ake tara abinci domin mabukata, ku tafi da yaran, su ɗauka da hannunsu. In kuna aika kuɗin makarantar maraya a gida, ku nuna musu hotonsa, su sa nasu fam ɗaya a ciki.

Shugaba, ga roƙona ga ƙungiya kafin in zauna. Iyalan da ke unguwa ɗaya su riƙa haɗa yaransu a gida guda ranar Asabar ɗaya a wata, ana zagayawa, a ci abinci, a koyi waƙa, a bar su su yi tambaya. Iyayenmu da suka yi ritaya, da kakannin da suka zo ganin jika, Timoti ma a wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya sami bangaskiya, saboda haka muna bukatarku a zaman nan fiye da kowa. Masu aikin dare kuma a san ranakun aikinsu, domin a sami mai ɗauko musu yara zuwa sujada. Duk wanda zai riƙa zama da yaran wasu a ƙarƙashin sunan ƙungiya, a yi masa binciken da dokar ƙasar nan ta tanada, kada kowa ya ɗauka raini ne. Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa, kowane gida ya rubuta unguwarsa da shekarun yaransa kafin a fara rabon abinci. Na gode, Ubangiji ya albarkace ku.