Abin da nas take gani a ɗakin masu taɓin hankali kafin likita ya iso

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Yau za mu shiga wani sashe na asibiti da mutane da yawa ba sa son ko wucewa ta ƙofarsa, wato ɗakin da ake kwantar da masu taɓin hankali. Mutumin Kano zai ce Dawanau, na Kaduna ya ce Barnawa, na Sakkwato ya ce Kware, Maiduguri ma tana da nata asibitin. Sunayen nan har sun zama abin zagi a bakin wasu, alhali a cikinsu ake dawo wa gidaje da iyayensu da 'ya'yansu.

Likita yakan zagayo, ya duba majinyaci, ya rubuta magani, ya wuce. Nas ce take zama. Na ce "ita" don sauƙin magana, amma maza ma suna da yawa a wannan aiki. Dare da rana akwai wanda idonsa ke kan majinyaci, kuma abin da idon nan ya gani shi likita yake dogara da shi gobe da safe.

Ku saurari abin da ake faɗa lokacin miƙa aiki, idan masu aikin dare za su tafi. Wa ya yi barci, awa nawa? Wa ya ci abinci, wa ya ture kwano? Wa ya yi wanka da kansa? Tambayoyi ne kamar na gida, amma a nan su ne ma'auni. Mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba, yana ta surutu da rabon kayansa, ranar da ya yi barcin awa shida an san magani ya fara kama shi. Wanda ya ƙi abinci kuwa, nas sai ta gano dalili. Idan ya yi imani an zuba masa guba, faɗa ba zai sa ya ci ba. Sai a ba shi dafaffen ƙwai ko ayaba ya ɓare da hannunsa, ko a bar wanda ya yarda da shi ya kawo masa daga gida. Haka wajen ba da ƙwaya: tana tsayawa har ta tabbatar an haɗiye, don wasu suna ɓoyewa a kumatu, su zubar, ko su tara.

Wannan tarawar ita ce ta kawo mu aiki mafi nauyi. Idan aka ji tsoron mutum zai kashe kansa, ana cire duk abin da zai iya cutar da shi: reza, igiya, bel, har mazagin wando. Wani ana leƙa shi duk bayan minti 15, wani kuma ana ajiye ma'aikaci kusa da shi, ko bayan gida zai shiga ba a yin nisa. Nas tana tambayarsa kai tsaye, cikin natsuwa: "Malam, kana tunanin kashe kanka?" Mutane suna zaton tambayar za ta sa masa tunanin. Ba haka ba ne. Sau da yawa ita ce ƙofar da yake jira a buɗe masa. Kuma ƙwararriyar nas takan ƙara sa ido daidai lokacin da 'yan uwa suka fara murna, saboda mai ciwon damuwa ƙarfin jikinsa yakan riga zuciyarsa dawowa.

To idan majinyaci ya harzuƙa fa? A nan ne da yawanmu muke tuna mari da turu. Ɗaure mai taɓin hankali tsohuwar ɗabi'a ce, ba a ƙasarmu kaɗai ba. A asibitin Bisetir da ke kusa da birnin Faris, wani mai kula da majinyata, Jean-Baptiste Pussin, shi ya cire musu sarƙa a 1797, kuma likita Philippe Pinel ya koyi abubuwa da yawa daga wurinsa. A Najeriya, dokar mahaukata ta 1958 ta daɗe tana aiki, sai a watan Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi.

Abin da aka koya wa nas shi ne ta fara da baki. Ta rage murya, ta ba shi fili, ta kori 'yan kallo, ta kira shi da sunan da ake girmama shi da shi a gida. "Baba, zo mu zauna, me ya ɓata maka rai?" Idan ya ce yana jin muryoyi suna zaginsa, ba ta ƙaryata shi, ba ta kuma ce ita ma ta ji. Sai ta ce: "Ni ban ji ba, amma na ga abin yana damunka." Idan duk wannan bai yi ba, kuma rai na cikin haɗari, sai a riƙe shi ko a yi masa allura bisa umarnin likita, na ɗan lokaci, ana duba numfashinsa da bugun jininsa, ana rubuta komai. Hukunci ba ya cikin wannan aiki, kuma duk inda aka mai da ɗauri hukunci, an ci amanar majinyaci.

Sai maganin kansa. Tun da aka fara amfani da Chlorpromazine a Faransa a 1952, magunguna sun sauya ɗakunan nan, amma suna da nasu wahalar. Wanda aka ba Haloperidol, wuyansa na iya murɗewa, idonsa ya kafe sama, harshensa ya yi nauyi. 'Yan uwa su firgita, su ce aljanu ne suka tashi. Nas ta san illar magani ce, kuma akwai abin da ake bayarwa ta lafa. Ɗaya daga ciki shi ne Benzhexol, wanda matasa suke sha a unguwanni da sunan Exol, shi ya sa ake ƙirga shi ƙwaya-ƙwaya. Mai shan Lithium kuwa, idan ruwan jikinsa ya ragu, maganin yakan taru a jini ya zama guba. Don haka a zafin bazara, ko idan azumi ya zo, ko ya kamu da gudawa, dole a yi magana da likita. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki kuma ba a jira safiya a kansa. Nas ba ta manta cewa mai taɓin hankali yana iya kamuwa da maleriya ko ciwon suga kamar kowa.

Ban ga nas ta gari da take faɗa da addu'ar iyali ba. Ku yi addu'arku, ku karanta masa Alƙur'ani, amma kada a hana shi magani, kada a doke shi, kada a yi masa hayaƙin da zai shaƙe shi. Aiki da dangi ma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: a 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyaci yake zama a ƙauye tare da ɗan uwansa, yana zuwa asibiti da rana.

Ranar sallama, nas takan zaunar da mai jinya. "Hajiya, ko ya warware sarai, kada ku daina ba shi magani sai likita ya ce." Ga wanda ba ya jure shan ƙwaya kullum, akwai allurar da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Makonnin farko a gida su ne suka fi bukatar sa ido. Idan barcinsa ya fara raguwa, ko ya koma kulle kansa a ɗaki, ko ya daina wanka, ku dawo da shi da katinsa, kada ku jira ranar da aka rubuta muku.