Lacca: Biro ko laftof wajen ɗaukar darasi a jami'a?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ɗalibai na yawan tambaya ko biro ya fi laftof wajen ɗaukar darasi. Mu fara da lissafi.

Malami yakan furta kalma 120 zuwa 150 a minti ɗaya. Mai biro da ƙyar yake rubuta 30, mai bugawa kuwa yakan kai 40 ko fiye. Tunda hannu ba ya cim ma bakin malami, dole mai biro ya tace maganar, ya zaɓi gundarinta, ya faɗe ta da kalmominsa. A wurin tacewar nan fahimta take shiga. Shi kuwa mai saurin yatsa sai ya koma kamar akawun kotu: kunne na ji, yatsa na bugawa, ƙwaƙwalwa na hutu.

A 2014, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer sun gwada wannan a kan ɗaliban jami'a a Amurka. Masu laftof sun fi tara kalmomi, amma masu biro suka fi su a tambayoyin da ke neman fahimta. Ko da aka gargaɗi masu laftof kada su kwafa kalma-kalma, ba su daina ba. Sai dai a 2019 wasu masana sun maimaita gwajin, ba su ga wani bambancin a-zo-a-gani ba. Ke nan maganar ba ta biro ba ce, ta tacewa ce da bita.

Ga tsarin Cornell, wata hanyar tsara shafin ɗaukar darasi don tacewa da bita, wanda Walter Pauk, malami a jami'ar Cornell ta Amurka, ya fito da shi a shekarun 1950. Ja layi daga sama zuwa ƙasa, santimita 6 daga gefen hagu, ka bar santimita 5 a gindin shafi. A aji, ɓangaren dama kaɗai za ka cika, da gajerun jimloli. Kafin awa 24 ta cika, rubuta tambayoyi a hagu, taƙaitawa a ƙasa. Sannan ka rufe dama da takarda, ka amsa da ka. Nan mafi yawa ke tuntuɓe: su yi ta maimaita karantawa, ido ya saba da rubutun, su ɗauka sun iya, ranar jarrabawa kai ya zama wayam.

In laftof za ka riƙe, kashe intanet da sanarwar saƙonni. Wani bincike a Kanada a 2013 ya nuna mai leƙe-leƙe a allo yana rage makinsa, har da na wanda ke zaune bayansa yana hango allon. Lissafi da zane kuwa a bar wa biro ko alƙalamin tablet, sannan kowane fayil a ajiye shi wuri biyu, da sunan kwas da kwanan wata.